Mai Kwafar Sharhin Wani a Idon Doka

Daga ƙarshen titin Aldwych a birnin London, taku kaɗan ne zuwa ginin manyan kotunan Ingila. A nan ne, cikin watan Nuwamba na 2010, Mai Shari'a Proudman ta yanke hukunci a ƙarar kamfanin Meltwater, wanda ke tsinto kanun labarai da 'yan layuka daga jaridun intanet yana sayarwa. Ta ce ko kanun labari ma yana iya zama mallakar mai shi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta goyi bayanta a 2011.

To, ina ga ɗan kasuwar da ya kwashe sharhin da wani ya wahala ya rubuta a kan wayar hannu, ya manna a shafinsa don jawo masu saye? Dokar Ingila ta 1988 ta yarda a ɗebi kaɗan domin suka ko sharhi, muddin an ambaci marubucin. A 2014 aka faɗaɗa wannan izini, da sharaɗin kada a wuce bukata. Amma ambaton suna kaɗai ba ya wanke mutum. Tun 1972, a shari'ar Hubbard da Vosper, Lord Denning ya nuna cewa ana duba yawan abin da aka ɗauka, da kuma ko an ɗauka ne don yin gogayya da mai shi.

Ko kotu ba ta kira shi ba, Google kan nuna kwafi ɗaya ne daga cikin shafuka masu kama da juna, sauran kuwa ya ture su gefe.