Kasko Ɗaya, Rabin Awa, Kowa Ya Ci Ya Ƙoshi

 An ba ni 'yan mintoci in yi magana a kan girki, ni kuma na zaɓi abincin dare na ranakun aiki, lokacin da mace ke shigowa gida rana ta riga ta faɗi.

Kowaccenmu ta san wannan lokacin. Mai shago ta rufe shago, malama ta taso daga makaranta, mai ɗinki ta miƙe daga kan keke bayanta na ciwo. Ƙarfe bakwai ta gota, yara na hamma, ƙaramin ya fara gyangyaɗi. In aka ce a ɗora tuwo da miya a wannan lokacin, kafin a sauke rabin gidan sun yi barci da yunwa. Shi ya sa muke yawan faɗawa ɗayan biyu: ko a dafa wa yara taliyar leda kullum, ko a aika a sayo na bakin titi. Na farkon babu ganye a cikinsa, na biyun kuma shi ke cinye ribar da aka wuni ana nema. To yau ga hanya ta uku: sosej da kayan lambu a kasko ɗaya, cikin rabin awa, kan murhu ɗaya, wanke-wanke kaɗan.

Bari in fara da shi sosej ɗin, don na ga wasu iyayenmu sun ɗaga gira. Ba Gala nake nufi ba, wadda ake naɗewa da fulawa. Sosej niƙaƙƙen nama ne da aka haɗa da gishiri da kayan ƙamshi aka ɗura a siririyar fata, ana sayar da shi a leda a shagunan da ke da firiza. Akwai na naman shanu, akwai na kaza, akwai kuma na alade, saboda haka ki karanta jikin ledar kafin ki biya, ko ki ba wani ya karanta miki. Ki duba irin naman, ki duba lambar NAFDAC, ki duba ranar da zai lalace. Sannan ki taɓa shi. In kin ji ya saki ya yi laushi, ko ledar ta kumbura, ko yana yauƙi, ki ajiye musu kayansu. Da yanayin wutarmu, abin da ya narke ya sake daskarewa sau da yawa ba abin kai wa yara ba ne.

Iri biyu ne kuma. Akwai wanda an riga an dafa shi tun daga kamfani, shi ne ya fi yawa a shaguna, minti uku zuwa huɗu ya ishe shi. Akwai ɗanye, wanda sai ya yi minti goma zuwa sha biyu a wuta ana juya shi. Ɗanyen a soya shi sukutum kafin a yanka, in ba haka ba zai wargaje, kuma a tsaga ɗaya a tabbatar cikinsa ya dahu babu sauran ja.

Ga abin da za ki tanada na mutum huɗu zuwa biyar. Sosej guda 6. Dankalin turawa matsakaita guda 6. Karas 3, albasa 2, tattasai 3, attarugu 1 ko 2 gwargwadon bakin mutanen gidanki. Rabin ƙaramin kabeji, koren wake cikin hannu ɗaya. Man gyaɗa babban cokali 3, ɗan citta da tafarnuwa, kori, masoro in kina so, da rabin kofin ruwa. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kowacce ta san cikin gidanta, sai ta ƙara ko ta rage. Abin da nake so ku lura da shi, kayan lambun sun ninka naman nesa ba kusa ba. Naman ɗanɗano ya zo bayarwa, dankali da ganye su ne ke cika ciki.

Yanzu ga maganar da nake so kowa ta tafi da ita gida, ko ta manta sauran: a kasko ɗaya, mai tauri shi ke fara shiga, mai laushi ya zo daga baya. Sirrin ke nan gaba ɗaya. Dankali na bukatar kusan minti goma sha biyar, kabeji kuwa minti biyu zuwa uku. In kika zuba su tare, ko dai dankalin ya fito da gardi, ko kabejin ya narke ya koma kamar fate. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Yanka ma yana da nasa aikin. Ki yanka dankalin ƙanana, kamar girman dunƙulen magi, kuma su yi kusan kai ɗaya don su nuna tare. Karas ki yanka shi siriri, sosej kuma ƙwaya-ƙwaya kamar kaurin ɗan yatsa. Bayan kin wanke dankalin ki tsane shi sosai a kwando ko ki goge da tsumma mai tsabta, don jiƙaƙƙen dankali ba ya soyuwa, mai kawai zai yi ta fantsama miki.

To sai aiki. Ki ɗora kasko mai faɗi ya yi zafi, ki zuba mai, ki jera sosej ɗin. Ki bar shi ya yi ja ta gefe ɗaya kafin ki juya, kada ki yi ta motsa shi. In ya yi, ki kwashe a faranti. Za ki ga wani abu ja-ja ya kama ƙasan kaskon. Kada ki wanke, kada ki kankare ki zubar, nan daɗin girkin yake.

A cikin wannan man ki zuba dankali da karas, ki soya minti biyar. Sai ki zuba rabin kofin ruwan nan, ki goga ƙasan kaskon da ludayin katako, abin da ya kama ya narke ya shiga jikin dankalin. Ki rufe, ki rage wuta, minti bakwai zuwa takwas. Tururi ne zai dafa cikin dankalin, shi ya sa ba sai kin ɗora wata tukunya kin tafasa shi daban ba. Wannan minti bakwai ɗin kuma ba na zama ba ne, a ciki za ki yanka albasa da tattasai da kabeji.

Ki buɗe, ki soka cokali mai yatsu. In ya shige ba gardama, ki ƙara wuta ruwan ya ƙone. Ki zuba koren wake da albasa da tattasai da attarugu, minti uku zuwa huɗu. Citta da tafarnuwa da kori su biyo baya, don tafarnuwa saurin ƙonewa gare ta, in ta ƙone kuma ɗaci take yi. Na ƙarshe kabeji, ki mayar da sosej ɗin, ki juya minti biyu zuwa uku, ki sauke kabejin na da sauran garas-garas. Daga wannan matakin har saukewa kada ki sake rufewa.

Gishiri fa? Sai a ƙarshe, kuma sai kin ɗanɗana. Dalili biyu ne. Na ɗaya, sosej da gishirinsa yake zuwa, mai yawa ma kuwa. Na biyu, gishiri na janyo ruwa daga jikin ganye, in kika zuba da wuri sai kaskon ya cika da ruwa, suya ta koma dahuwa. Sau da yawa rabin dunƙule ya wadatar, wani lokaci ma ba a bukatarsa.

Na san akwai masu cewa a ransu, mu da muke ciyar da mutum goma sha biyu fa? Gaskiya ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amsar ita ce faɗin kasko. In kika cika ƙaramin kasko har baki, tururi ba zai samu hanyar fita ba, komai zai yi laɓo-laɓo. Ki ɗauko babban kaskon nan na suyar ƙosai ko awara, ko ki raba girkin kashi biyu. Mai gas da mai risho da mai kurfoti duk za su iya. Mai gawayi dai ta bari ya ruru sosai kafin ta ɗora, in lokacin rage wuta ya yi ta janye 'yan garwashi gefe.

Sai maganar lafiya, don kada a fita a ce na ce a ci sosej kullum. Ban ce ba. A shekarar 2015 sashen binciken cutar daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sanya sarrafaffen nama, irin su sosej, cikin abubuwan da ke haddasa cutar dajin hanji, kuma haɗarin na ƙaruwa ne gwargwadon yawan cin da mutum ke yi. Ita hukumar ta kuma ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, sannan ya samu aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa. Saboda haka sosej na jefi-jefi ne, gidan da ke da mai hawan jini kuma a ƙara ja baya da shi. Kayan lambun su ne na kullum. Wannan hanyar girkin ma ta yi musu daidai: ɗan man da aka sa na taimaka wa jiki ya amfana da sinadarin karas mai gyara gani, kuma ganyen da bai daɗe a wuta ba ya fi riƙe amfaninsa a kan wanda aka tafasa aka zubar da ruwan.

Daɗin abin shi ne tsarin bai dogara da sosej ba. Ranar da babu shi, ko aljihu bai kai ba, ki soya awara a madadinsa, ki kwashe, ki mayar a ƙarshe, sai dai ita tana son a ƙara mata gishiri da yaji. Hanta ma ta yi, amma da ta dahu a kwashe, in ta daɗe tauri take yi. Ragowar tsire ko balangu ko soyayyen naman salla, a ƙarshe ake zuba su su ɗauki zafi sosai. Busasshen kifi a jiƙa shi a ruwan zafi, a cire ƙaya, ya shiga tare da albasa. Ƙwai kuwa, ki ture kayan gefe, ki fasa uku a tsakiya, ki juya.

Haka kayan lambun, ki bi kasuwa. Lokacin sanyi, da kayan noman rani suka cika kasuwanni irin su 'Yankaba a Kano, karas da kabeji da tattasai sun fi sauƙi. Da damina ga alayyahu ga zogale. Alayyahu a wurin kabeji yake shiga, minti biyu ya isa. Zogale ya fi shi tauri, sai ya shiga tare da ruwan nan a rufe shi da dankali. Da kaka ga kabewa ga dankalin Hausa, su kuma a wurin dankalin turawa, sai dai kabewa ta fi saurin nuna, a rage mata lokaci. Kun ga dokar ba ta canza ba: mai tauri gaba, mai laushi baya.

Saura maigida, wanda zai leƙa faranti ya ce, ina tuwo? Iyayen gida da za su karanta wannan, tuwo na nan, ranarsa na nan, ba wanda ya kore shi. Amma ranar da uwargida ta shigo bayan magariba, a karɓi wannan da gurasa ko burodi ko ragowar shinkafar rana, a kora da shayi. Yara su ci da zafinsa idonsu biyu, su yi aikin makaranta, su kwanta da wuri. Ku kuma 'ya'yanmu, maza da mata, wanke karas da tsinke bakin koren wake ba sai Mama ta dawo ba. In ta tarar an yi wannan, rabin awar ma ba za ta cika ba. Dankali ne kawai in an fere a bar shi cikin ruwa don kada ya yi baƙi.

Abu biyu na tsabta in rufe da su. Wuƙa da katakon da suka taɓa ɗanyen nama a wanke su da sabulu kafin su taɓa ganye. Abin da ya rage kuma kada ya wuce awa biyu a waje, da bazara ma ƙasa da haka. In akwai firij mai sanyi a sa, da safe a ɗumama har ya yi tururi. In babu, a dafa daidai ci.

Roƙona, kowacce ta ware dare ɗaya a makon nan ta gwada da abin da ke cikin kwandonta. Wadda ta samo wani haɗin da ya fi wannan daɗi ko sauƙi, ta zo mana da shi taro na gaba mu ma mu koya.