Dakarun da Suka Daina Yaƙi: Jawabi a kan Sankarar Jini Mai Gashi



Batun da muka zo da shi yau ya shafi wata cuta wadda ba kasafai ake ganinta ba, amma lalle tana da abin koyarwa ga duk mai son sanin yadda jikin ɗan Adam yake kare kansa. Wani nau'i ne na sankarar jini, wanda ake ce wa mai gashi, domin idan an duba ƙwayoyinsa a madubin likita sai a ga gefensu da 'yan siraran zare kamar gashi. Likita Bertha Bouroncle da abokan aikinta na Jami'ar Jihar Ohayo a Amurka su ne suka bayyana cutar a 1958. Wajen kashi 2 ne cikin 100 na masu sankarar jini suke da irinta, ta kuwa fi kama maza, musamman waɗanda suka ba hamsin baya.

Munanan ƙwayoyin nan sukan cika ɓargo da saifa, sai saifa ta kumbura, jini ya ragu, kasala ta rufe mutum. Amma abin da ya fi halaka majinyata shi ne cututtukan da kan shigo daga waje, su tarar da gari ba tsaro. To, ina masu tsaron suka tafi?

Daga cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wasu dakaru da ake kira NK, wato makasa na asali. A 1975 aka gano su, Rolf Kiessling da abokansa a Suwidin, da Ronald Herberman a Amurka. Wasu dakarun jiki sai sun taɓa gamuwa da abokin gaba kafin su ƙware wajen yaƙarsa, su kuwa waɗannan ba su bukatar horo. Kowace lafiyayyar ƙwaya tana ɗauke da wata shaida a bayanta. Wadda ta zama sankara, ko wadda ƙwayar cuta ta shiga, sau da yawa takan rasa shaidar nan, sai NK ta kama ta, ta huda ta, ta zuba mata dafi.

A shekarun 1980 masu bincike suka ɗebi jinin masu wannan cuta, suka haɗa dakarun da ƙwayoyin sankara a ɗakin gwaji, sai suka ga kisan ya yi ƙasa ƙwarai. Abin mamaki, a jikin majinyata da dama dakarun suna nan, aikin ne ba su yi. Ashe ƙidaya kaɗai ba ta isa ta gaya wa likita ƙarfin garkuwar jiki ba.

A 1984 Likita Jorge Quesada da jama'arsa a Hustan suka ba majinyata intaferon, wani sinadari da jiki da kansa yake yi don zaburar da dakarunsa. Cutar ta lafa, kuma bayan watanni ana shan magani aka ga NK sun komo bakin aiki. Sa'an nan a 1990 aka nuna cewa maganin kiladiribin, na kwana bakwai kacal, yakan kwantar da cutar shekaru masu yawa, ko da yake shi ma yakan raunana garkuwa na wani lokaci. A 2011 kuma masana a Feruja ta Italiya suka gano canjin ƙwayar gado mai suna BRAF a kusan dukan majinyata, aka sami magani mai nufarsa kai tsaye. Yau yawancin masu cutar kan yi tsawon rai kusan kamar kowa, muddin an gano ta.

Ga inda maganar ta shafe mu. A ƙasarmu kumburin saifa da yawan zazzaɓi nan da nan akan ɗora su a kan cizon sauro, kuma sau da yawa haka ɗin ne. Amma idan dattijo a gidanmu ya sha magani ya sake sha, saifa ba ta saɓe ba, jini bai dawo ba, ciwo na bin ciwo, wajibi ne mu da muka yi karatu mu kai shi asibiti, mu roƙi a duba jininsa a madubi, in ta kama a duba ɓargo.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalam.