JAWABI A TARON SHEKARA: ƘAFAR BAKA DA AIKIN SAUYA GWIWA DA NA'URA

Ni ma'aikacin gwamnati ne, ba likita ba, amma kwamiti ya ɗora mini in tattaro bayani a kan aikin sauya gwiwa da taimakon na'urar da ake kira mutum-mutumi, saboda da yawa daga iyayenmu ciwon gwiwa ya hana su sakat.

Da farko, ita ƙafar baka, wato wadda gwiwoyi suka buɗe waje, tana tattara nauyin jiki a gefen gwiwa na ciki. Yau da gobe sai guringuntsin wajen ya cinye, ƙashi ya riƙa gugar ƙashi, lanƙwasar ta ƙaru, ciwon ma ya ƙaru. Idan abin ya yi tsanani, likita yakan yanke saman ƙasusuwan da suka lalace, ya sanya ƙarfe sama da ƙasa, da roba mai tauri a tsakani. Wahalar aikin ga mai ƙafar baka ita ce jijiyoyin ciki sun ɗaure, na waje sun saki, dole sai an daidaita su kafin ƙafa ta miƙe.

To, a nan ne na'ura ke shigowa. An fara amfani da irinta a Amurka a 1992, mai suna Robodoc, wajen aikin ƙugu. Kamfanin Stryker ya sayi na'urar Mako a 2013, ita kuwa Rosa ta kamfanin Zimmer Biomet ta sami izinin aikin gwiwa a 2019. A tsarin Mako, ana ɗaukar hoton CT, kwamfuta ta zana gwiwar maras lafiya, likita ya tsara inda zai yanka tun kafin a shiga ɗakin tiyata. A lokacin aiki kuma zarton yana hannunsa, na'urar dai tana hana shi wuce iyakar da ya shata, tana kuma auna masa ɗaurin jijiyoyi. Ashe ke nan ba mutum-mutumi ne ke yin fiɗa ba, ɗan aike ne kawai.

Bincike ya tabbatar na'ura na ƙara daidaiton yanka, amma bai nuna gwiwar da aka sa da ita ta fi daɗewa a kan wadda ƙwararre ya sa da hannu ba. Wani nazari a mujallar Lancet a 2019 ya nuna kimanin 82 cikin 100 na gwiwoyin da aka sauya suna kai shekara 25, alhali yawancinsu da hannu aka yi su.

Saboda haka, jama'a, kada a sayar da gona ko gida don sunan na'ura kawai, kada kuma a zauna jiranta ƙashi na ci gaba da cinyewa. A fara kai dattijo asibitin ƙashi, kamar na Dala a Kano, a ɗauki hoto, a ji shawara. A tambayi likita sau nawa ya yi aikin ga masu irin wannan ƙafa, da yadda za a yi gashi bayan aiki, domin wanda bai motsa gwiwa ba za ta sandare. A kuma shaida wa dattijo tun da wuri cewa durƙuso kan yi wuya bayan aiki, mai yiwuwa ya koma salla a kan kujera.

Daga ƙarshe, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya wuce shekara 3 ƙafarsa ba ta miƙe ba, a kai shi asibiti, domin binciken da aka yi a Jos, aka wallafa a 1999, ya nuna ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci na lanƙwasa ƙasusuwan yaranmu, kuma yana da magani.