Tekun Arewa Mai Nisa da Daminarmu

Hakimai, da ku malamai magatakarda, ina neman ku yi haƙuri da ni, domin zancen yau na ƙasar da ke nesa ne ƙwarai, amma ƙarshensa a gonakinmu zai tsaya.

A can arewacin Turai akwai ƙasar Norwe. Gaɓarta duk tsage-tsage ce, teku ta kutsa cikin tudu ta dogayen lunguna tsakanin duwatsu masu tsawo. Su mutanen can suna kiran irin wannan lungu fiyod. Ƙanƙara ce ta sassaƙe su tun zamanin da, sa'an nan ruwan teku ya cika gurbin. Mafi girmansu, Sogne, ya fi mil 120 tsawo, zurfinsa kuwa ya wuce ƙafa 4,000. Abin mamaki, ko da tsakiyar hunturu tashoshin jiragen ruwan gaɓar nan ba su daskarewa, alhali kuwa ƙasar Girinlan, wadda ke daidai da su wajen nisa arewa, ƙanƙara ta binne ta.

Dalili shi ne wani kogi da ke tafiya a cikin teku kanta. Ruwa mai ɗumi mai gishiri yana tasowa daga wajen Mekziko, ya ratsa tekun Atlantika, ya bi gaɓar Norwe. In ya isa arewa sai sanyi ya kama shi, ya yi nauyi, ya nutse, ya koma kudu ta ƙarƙashi. Haka yake zagayawa dare da rana.

Ba da hasashe aka san wannan ba, da awo aka san shi. A 1893 wani ɗan Norwe, Fridtjof Nansen, ya bar jirginsa Fram ya daskare cikin ƙanƙara da gangan, ƙanƙara ta yi ta jan jirgin har 1896. Mutanensa suka riƙa zura ma'auni cikin ruwa, suka tarar da ruwan Atlantika mai ɗumi kwance a ƙarƙashin ruwan sanyi. Amma ni aikin da ya fi burge ni shi ne na jiragen awon yanayi da Norwe ta riƙa ajiyewa a tsakiyar teku daga 1948 har 2009. Shekara sittin da ɗaya ana auna ɗumin ruwa da gishirinsa a wuri guda. Aiki ne mai gundura, ba mai yabon mai yinsa, amma da shi aka gane cewa ruwan can ƙasa ya fara ɗumama.

A Girinlan kuwa, a 1997 ruwan ɗumi ya shiga fiyod ɗin Ilulissat, ya riƙa cin kogin ƙanƙarar da ke gangarowa cikinsa ta ƙarƙashi, har saurin gangarowarsa ya ninka cikin 'yan shekaru. Ruwan ƙanƙara ba shi da gishiri, ba shi da nauyi, ba ya nutsewa. In ya yi yawa sai zagayen nan ya yi rauni, ɗumin da ke zuwa arewa ya ragu. Masanan yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya sun faɗa a 2021 cewa da wuya ƙarnin nan ya ƙare bai yi rauni ba.

To, ina ruwanmu? Iskar damina daga tekun kudu take zuwa mana, kuma tana bin wajen da ya fi ɗumi. In arewacin Atlantika ya yi sanyi bisa ga kudancinsa, hadari ba ya hawowa arewa sosai, sai ya tsaya ya bar Katsina da Daura da Damagaram a bushe. Dattawa ba su manta farin 1973 da na 1984 ba. A 1986 masana na ofishin yanayi na Ingila suka gwada lissafin ɗumin teku da na ruwan sama na ƙasashenmu tun daga 1901, suka ga shekarun fari sun faɗo daidai da shekarun da tekun arewa ta huce.

Ku lura, rabin wannan lissafi daga littattafan awon ruwan sama na garuruwa irin namu aka kwashe shi. Saboda haka ina roƙon Hakimai su sa ido ga ma'aunin ruwan da ke gundumominsu. Malami ya duba kowace safiya a lokaci guda, ya rubuta abin da ya gani da kwanan wata. Ranar da ba a yi ruwa ba ya rubuta sifiri, kada ya bar gurbin haka nan.