Inda Turba Ta Ƙare: Lacca Kan Hawan Duwatsun Shere



An ce in yi magana kan wata al'ada da ta shigo wa matasanmu a 'yan shekarun nan, wato a wayi gari ranar Asabar a yi ayari, kowa da gorar ruwansa da wayarsa, a nufi dutse. Ana yi a Abuja, ana yi a Jos, a Zariya ma Kufena ba ya rabo da baƙi. Ni dai abin ya yi mini, domin ya fi zaman majalisa ana cin naman mutane. Sai dai ɓangaren da zan tsaya a kai shi ne wanda ya fi ruɗar masu jini a jika: a bar turbar da kowa ke bi, a yanki gefen dutse a hau ta inda ido ya ga dama. Ban zo in hana ku ba. Mafi yawan abin da ya cancanci a gani a kan tsauni ba ya bakin turba. Magana ɗaya na zo da ita: inda ba ku ga turba ba, dutsen yana da tsarinsa da ake karantawa, yana kuma da masu shi da ake tambaya. Duwatsun Shere zan ɗauka misali.

Shere suna gabas da Jos, tazarar kamar kilomita 10. Ƙololuwarsu ta kai mita 1,829 daga doron teku, ita ce wuri mafi tsayi a tudun Filato, shi kuwa garin Jos yana zaune a kan kamar mita 1,200. Ke nan hawan mita 600 ne ko kusa da haka ke tsakani. A gindinsu ne makarantar horar da shugabanci ta tarayya take, wadda aka fi sani da Man O' War, wadda asalinta wani Bature mai suna Alec Dickson ya kafa a 1951 a gaɓar teku a Kamaru. Saboda haka an daɗe ana koya wa matasa hawa a wurin nan da malami da igiya. Sabon abu shi ne a zo ba malami, ba igiya, sai kyamara.

Mu fara da dutsen kansa. Giranit ne, irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini. Narkakken dutse ne da ya daskare a ƙarƙashin ƙasa, a gindin tsaunuka masu aman wuta da suka shuɗe, shekaru sama da miliyan 150 da suka wuce. Danginsa sun yi jerin gwano daga Azbin a Nijar, ta Damagaram, ta Riruwai a Jihar Kano, har zuwa Filato, kuma masana sun gano cewa na arewa ne manya, ana yin kudu shekarunsu na raguwa. Kufena ba ya cikin wannan zuriya, ya girme su nesa ba kusa ba, shekarunsa sun kai wajen miliyan 600. Waɗannan curi-curin duwatsun da kuke gani an ɗora wani kan wani, irin na Riyom, ba wanda ya ɗora su. Tun suna binne ruwa ke bin tsagoginsu yana cinye kusurwoyi, daga baya zaizaya ta kwashe ƙasar ta bar su a tsaye.

Me ya kawo wannan tarihi cikin maganar hawa? Shi ne ke gaya maka irin ƙasar da ƙafarka za ta taka. A gefen Shere abu uku za ka yi ta karo da su: falalen dutse, tarin manyan duwatsu, da gangaren tsakuwa. Kowanne da irin tafiyarsa.

Falale shi ne mayaudari. Giranit yana ɓarewa ne falle-falle kamar albasa, shi ya sa bayansa ke yin doro. Daga sama doron nan shimfiɗe yake, kana sauka yana ƙara tsayuwa, kuma ba ka ganin abin da ke ƙasa sai ka iso bakinsa. Mai hawa yana kallon madafarsa a gabansa. Mai sauka kuwa ƙafarsa ce ke gaba, idonsa na baya. A nan ne ake samun mutum ya haye wuri da gudu yana dariya, ya juyo ya ga ba ya iya komawa, ya maƙale a tsakiya gwiwa na rawa. Saboda haka kafin ka ɗaga ƙafa ka hau kowane mataki, tambayi kanka ko za ka iya sauko da shi. In amsar ta zo da jinkiri, nemi wata hanya.

Ga wani abu da jiki ba ya yarda da shi sai an koya masa. In tsoro ya kama mutum a kan falale, sai ya kwanta ya rungumi dutse. Wannan rungumar ce ke kayar da shi, domin nauyinsa ya bar kan ƙafafunsa, takalmi ya rasa abin da zai danne shi. Abin yi shi ne ka miƙe, tafin ƙafa gaba ɗaya a kan dutse, nauyi a kan ƙafa, taku gajere. Ku lura da 'yan Fulani masu kiwo a gefen dutsen da takalminsu na roba: ba sa rarrafe, ba sa tsalle.

Ku kuma dubi launi. Za ku ga baƙaƙen zane sun gangaro daga sama. Hanyar ruwa ce, kuma baƙin wasu ƙananan halittu ne irin gansakuka da suka manne. Da rani a bushe suke, takalmi na kamawa. Yayyafi kaɗan ko raɓar safiya ta isa ta mai da su santsi tsantsa. Haka nan wata ciyawa da ke yin dunƙule-dunƙule a kan falale, wadda da rani za ka rantse ta mutu, ruwan farko na sauka ta koma kore shar. Saiwarta ba ta shiga dutse ba, shimfiɗe take a kai. In ka kama ta don ka ja jikinka, tana iya tahowa hannunka da ƙasarta duka, ka yi asarar madafa, ita kuma ta yi asarar shekarun da ta kwashe tana tara 'yar ƙasar nan.

A tarin manyan duwatsu, ka ɗauka kowanne na iya motsi har sai ka gwada shi da ƙafa. Gaɓoɓi uku su riƙe, ɗaya ta motsa. A gangaren tsakuwa kuma, wanda galibi yake tsayawa a karkatar da ba ta wuce digiri 35 ba, kullum a bakin zubewa yake. Kada wani ya tsaya daidai ƙarƙashin wani. Ko a tafi a matse, yadda dutsen da ya kuɓuce ba zai samu gudu ba, ko a ratsa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ture dutse ya ɗaga murya ya ce "dutse!", ba lokacin jin kunya ba ne.

Sai lissafin lokaci, inda hangen Dala ke zama ba shiga birni ba. Wani mahayin tsauni ɗan Sikotilan, William Naismith, ya kawo ƙa'ida a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane hawan mita 600. Wannan lissafin mai lafiya ne a hanya mai kyau. In an bar turba, shawarata a ninka. Sannan rana a nan ba ta jan magariba. Da ta faɗi, kafin rabin awa duhu ya rufe. Don haka a tsayar da lokacin juyowa tun a gida, misali da azahar, kuma in ya yi a juyo ko da ƙololuwa na gaban hanci. Kuna hawa kuna waiwaye, domin dutsen da ka wuce yana da wata fuska dabam in ka dawo masa ta sama. Waya tana da amfani, amma a cikin kwazazzabo sabis kan ɗauke, batir kuma ba ya jiran kowa.

Damina a Filato takan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma hadarin yamma ba ya sallama. Sauti na cin kilomita ɗaya cikin kamar daƙiƙa 3. In ka ga walƙiya ka ƙirga, aka yi tsawa kafin ka kai 30, ka bar ƙololuwa, ka bar gindin itace tilo, ka bar bakin kogo. Da hunturu kuma hazo na ɓoye alamomin da ka dogara da su, ga sanyi, tunda duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kamar digiri 6. Ga gobarar daji, wadda ta fi gudu in tana hawa gangare, saboda haka ba a tsere mata ta sama.

Maganar kaya ba za ta ɗauke mu lokaci ba: takalmi mai kama ƙasa wanda ƙafa ta saba da shi, dogon wando saboda ƙarara, ruwa fiye da yadda kake zato, tocila, rigar sanyi. Silifas a bar su a mota.

Mazauna tsagogi su ma a san da su. Akwai rema, akwai birai, akwai zuma da ke yin gida a kogo, akwai tinya mai farin ruwa da in ya shiga ido sai an ji jiki. Akwai kuma kasa da kububuwa. Kada ka sa hannu inda idonka bai riga ya shiga ba. In tsautsayi ya faɗa, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaurin tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibitin da ke da allurar dafi. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, kuma mutum na iya zama garau da farko, har a ce ai ba komai. Asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ya yi suna a kan wannan ciwo, ma'aikatansa kuma sun sha ganin abin da jinkiri ke haifarwa. A ƙasan tudun kuma a kula da tsofaffin ramukan kuza da ciyawa ta rufe.

To me ake samu da ya kai a sha wannan wahala? Da yawa. A 1998 aka bayyana wa duniyar kimiyya wata 'yar jar tsuntsuwa da ke zaune a tsakanin duwatsun Filato, wadda littattafan masana ba su san da ita ba kafin nan, kuma a dajin Amurum, kusa da Shere, akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke aiki tare da Jami'ar Jos. A Birnin Kudu, a 1955, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, ya rubuta labarin duwatsun da ake bugawa su yi amo, a gefen zane-zanen shanu da ke jikin kogo. Amma ku lura, shi ne ya rubuta, ba shi ya fara jin amon ba. Gurabun da bugu ya lotsa a jikin dutsen sun nuna hannuwa nawa suka riga shi.

Wannan ne ya kawo ni ɓangaren da ya fi damuna. In ka bar turba a Shere ka yi tafiya da ido buɗe, za ka ga ramuka masu sulɓi a kan falale inda mata suka yi niƙa har dutse ya lotsa. Za ka ga tsingaro a gindin kogo, da jerin duwatsu da aka gina don tare ƙasar noma. Mutane sun zauna a nan, musamman a zamanin hare-haren kamun bayi, lokacin da tsauni ne ganuwar wanda ba shi da doki. Haka aka yi a duwatsun Ningi, haka a Mandara, inda mutanen Sukur suka shimfiɗa hanyoyin dutse har saman tsauni, abin da ya sa UNESCO ta saka wurin cikin kayan tarihin duniya a 1999. Jikokin mutanen Shere, Afizere da maƙwabtansu, suna nan a gindin dutsen. Suna da wuraren da suke girmamawa, da makwantan kakanni, da kurmin da baƙo ba ya shiga. Ba allo a wurin, ba shinge. Kai da ka zo daga gari kana ganin daji ne kawai, ka zauna ka buɗe kwalbar lemo a inda mai wurin ba ya takawa da takalmi. Ko ba ka yi imani da abin da ya yi imani da shi ba, wurinsa ne.

Sannan ga masu fenti. Mutum ya sha wahala ya hau, abin da zai bari shi ne sunansa da na budurwarsa da jan fenti a jikin dutsen da ya girmi ɗan Adam. Ga masu cika aljihu da tsingaro don tsaraba, alhali dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta sa kayan tarihi ƙarƙashin kariya. Ko ba doka, tsingaron da aka ɗauke daga inda yake ya daina ba da labari, domin mai bincike da wurin yake aiki.

Don haka tafiyar tana farawa ne daga ƙofar mai unguwa. A yi sallama, a faɗi ko su wane ne, mutum nawa, ta ina za a bi, yaushe za a sauko. A halin tsaron da ƙasarmu ke ciki, shi ne kuma zai gaya muku ko makon nan na hawa ne ko na haƙuri, kuma akwai duwatsu a Arewa da a yanzu amsar ita ce haƙuri. A nemi ɗan jagora daga garin, maharbi ko makiyayi ko manomin gefen dutse. Da ɗan gari akan ci gari. Shi ya san tsagar da ke ɓullewa da wadda ke ƙarewa a bakin rami, ya san kogon da zuma ta kama bana, kuma in wani ya karye, mutanensa ne za su zo da gadon kara su sauko da shi, tunda ba jirgin ceto da zai taso.

A biya shi kuɗin kirki, a yi ciniki tun kafin a tashi, kada a sallame shi da "Allah ya saka" da ragowar biskit. Ina kuma roƙon ƙungiyoyin ɗalibai da ke zauren nan su ajiye littafi guda a hannun mai unguwar duk ƙauyen da suke tashi daga cikinsa, a riƙa rubuta sunayen masu hawa da lambar wayar shugaban ayari da lokacin da ake sa ran saukowarsu. Kuɗin littafin bai kai na man mota zuwa gindin dutsen ba.

Shugaban taro, na ga an miƙo mini takarda cewa lokaci ya yi. Sai tambayoyi.