Wakilcin Ma'aikata a Lokacin Annoba: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya



Ina godiya ga shugabannin ƙungiyarmu da suka ba ni wannan dama, duk da cewa a zauren nan akwai waɗanda suka fi ni daɗewa a aikin gwamnati nesa ba kusa ba. An nemi in yi bayani a kan halin da ma'aikata suka shiga lokacin annobar korona, da rawar da wakilansu suka taka.

Ranar 27 ga Fabrairu, 2020 aka tabbatar da ɓullar cutar a Legas. Kafin watan Maris ya ƙare, Shugabar Ma'aikatan Tarayya ta umarci ma'aikata daga mataki na 12 zuwa ƙasa su riƙa aiki daga gida, ban da masu ayyukan da suka zama dole. A takarda umarnin ya yi kyau. To amma akawun da ba shi da kwamfuta, kuma ba ya samun wutar lantarki, da me zai yi aikin? Direba da maigadi da mai shara da ma'aikatan jinya kuwa, fita ta zame masu tilas, ga ƙarancin abin hawa, ga tsoron kwaso cuta su kai wa iyali.

A asibitoci ne matsalar ta fi fitowa fili. Annobar ta tarar da ma'aikatan lafiya suna karɓar naira 5,000 kacal a wata a matsayin alawus na hatsarin aiki. Sai a watan Afrilu aka zauna da ƙungiyoyinsu aka amince da ƙari. Da biyan ya yi jinkiri, ga kuma ƙarancin kayan kariya, sai likitoci masu neman ƙwarewa suka fara yajin aiki ranar 15 ga Yuni, suka janye bayan mako guda. A cikin watan Afrilun ne kuma gwamnatin Jihar Kaduna ta sanar da cire kashi 25 cikin ɗari daga albashin manyan ma'aikata don yaƙi da cutar, ƙungiyar ƙwadago ta ƙi amincewa.

Ranku ya daɗe, abin lura a nan shi ne, duk waɗannan batutuwa ne da ya kamata a ce an daidaita su tun ana zaune lafiya. Idan aka yanke hukunci babu wakilin ma'aikata a wurin, ƙaramin ma'aikaci ne ke shan wahala, daga baya kuma talakan da ya zo asibiti ya tarar babu likita. Su ma wakilan akwai gyara a gabansu. Wakilin da bai san Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ba, wadda ta tanadi diyya ga wanda ya kamu da cuta ta dalilin aikinsa, yaya zai nema wa marayun abokin aikinsa haƙƙinsu?

A cikinmu akwai daraktoci da manyan sakatarori, akwai kuma shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago. Ɗakin kwana ɗaya muka zauna, tuwo ɗaya muka ci, don haka bai kamata magana ta gagare mu ba. Roƙona shi ne kowa ya koma ma'aikatarsa ya tabbatar akwai kwamitin haɗin gwiwa mai zama a kai a kai, wanda masinja da ma'aikacin wucin gadi ma ke da mai magana da yawunsu a ciki. A rubuta tun yanzu wa zai fito aiki idan annoba ta zo, da wane kayan kariya, kuma wa zai ɗauki nauyin jinyarsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa kan korona a watan Mayun 2023, amma kwalara da sanƙarau da zazzaɓin Lassa ba su bar mu ba.

Allah Ya jiƙan abokan aikinmu da muka rasa, Ya kiyaye mu baki ɗaya.