Shafa wa Kayan Katako Mai: Jawabin Wani Kafinta a Taron Ƙungiya

 

An nemi in yi magana a kan yadda ake shafa wa kujera da tebur da gado mai. To, jama'a, zaman Ibadan ba zaman Kano ba ne. A gida hunturu ke tsaga katako. A nan kuwa damina ce mai tsawo, katako ya sha laima ya kumbura, funfuna ta hau shi. Sai mutum ya kashe kuɗinsa a kayan ɗakin 'yarsa, kafin shekara ta zagayo sun lalace.

Da farko, ba kowane mai ba ne. Man gyaɗa da manja ba sa bushewa, sai dai su yi wari su kama ƙura. Baƙin man mota kuwa guba ne, kada a kai shi ɗakin da yara suke. Wanda ya dace shi ne man linsid da ake sayarwa a shagunan fenti. Iri biyu ne: ɗanye yakan ɗauki kwanaki kafin ya bushe, dafaffe kuma kamar awa 24, ko fiye idan ana ruwa. Shi dafaffen an zuba masa sinadarin busarwa, don haka kada a shafa shi a akushi ko muciya.

Ga yadda ake yi. A tabbata katakon ya bushe, maɗaci ne ko iroko. A goge shi da samfefa mai lamba 120, sannan 220, ana bin tsawon katakon. A share ƙura. A shafa man da tsumma, a ba shi minti 15 zuwa 20 ya shiga ciki, sannan a goge duk wanda ya rage a sama har sai hannu bai ji danshi ba. A nan ne da yawa suke kuskure, suna ganin yawan mai shi ne kyau. Wanda aka bari a sama danƙo yake zama, ya manne wa baƙo a riga. Idan ya bushe a maimaita, sau uku. Kada a manta da ƙarƙashin tebur da gindin ƙafafu, don ta nan laima ke shiga.

Saura babbar magana. Wannan mai da iska yake bushewa, kuma yana bushewa yana fid da zafi. Tsumman da aka dunƙule aka jefa a lungu yana iya kamawa da wuta shi kaɗai, ba ashana. Kun dai san yadda gidajenmu na Sabo suke manne da juna. Don Allah, in an gama aiki a shanya tsumman a fili ya bushe, ko a tsoma shi cikin bokitin ruwa. Masu gida, ku ja kunnen yaran shagonku a kan wannan.

Allah ya tsare mu, ya sa albarka a sana'armu.